Ɓarayin Keke na Vittorio De Sica: tambayoyi da amsoshi

Wane fim ne wannan da ake ta zuzutawa?

Sunansa da Italiyanci Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke. Ya fito a Italiya cikin watan Nuwamba na 1948, mara kala ne, tsawonsa wajen awa ɗaya da rabi. Vittorio De Sica ne darakta, shi kuma Cesare Zavattini shine ƙashin bayan rubutun labarin, tare da wasu marubutan ciki har da Suso Cecchi d'Amico. Sun tsinto abin ne daga wani littafi na Luigi Bartolini da ya fito a 1946, amma gaskiya sunan littafin da maganar satar keke kawai suka ɗauka, sauran duk nasu ne.

Toh menene labarin?

Wani magidanci ne Antonio Ricci, a unguwar Val Melaina can bayan garin Rum, bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ya daɗe ba aiki. Ranar nan a ofishin rabon aiki aka kira sunansa, shi yana ma zaune can gefe ya riga ya fidda rai sai da wani ya je ya taso shi. Aikin liƙa fasta ne a bangon gari, amma da sharaɗi ɗaya, sai mai keke. Shi kuma nasa keken yana gidan jingina, ya kai shi ne don su samu na abinci. Ga mutane cike a wajen kowa yana ɗaga murya yana cewa ni ina da keke a ba ni, dole ya ce zai zo da shi.

Matarsa Maria ce ta warware matsalar, kuma wannan wajen ne ya fara kama ni. Bata tsaya dogon zance ba, ta ajiye bokitan ruwan da ta ɗebo, ta yaye zannuwan gadonsu, na kayan aurenta ne fa, ta wanke ta haɗa da sauran ta ƙulle suka kai jingina. Aka basu lira 7,500 suka karɓo keken. Antonio yana tsaye a bakin taga yana jira sai kyamara ta bi wani ma'aikaci ɗauke da ƙullin zannuwan nasu, yana hawa wata doguwar kanta, yana hawa yana hawa, daga ƙasa har rufin ɗaki duk ƙullin zannuwan gado ne na wasu gidajen. Ba wanda ya ce komai. Ba a kawo wani ya tsaya yana maka bayanin cewa talauci ya yi yawa a gari ba, kai da kanka zaka gane cewa duk ƙulli ɗaya gida ɗaya ne da ya kwana kan katifa tsirara.

Washegari da asuba ya fita aiki da ɗansa Bruno a kan keke, yaron shima yana aiki a gidan mai duk da ƙanƙantarsa. Ranar farkon nan, yana kan tsani yana ƙoƙarin miƙar da fastar Rita Hayworth da ta yamutse, wani saurayi ya haye keken ya ƙara gaba. Sauran fim ɗin kaf neman keke ne, shi da yaron, a ƙafa, ranar Lahadi.

Keke kawai? Ai abin bai kai a yi fim a kansa ba.

Abinda 'yan sandan cikin fim ɗin suka ce kenan. Da ya kai ƙara an rubuta, an ce ya je ya nema da kansa, wani ɗan jarida ya tambaya ko akwai labari aka ce masa ba komai, keke ne kawai. Toh amma ka ɗauki ɗan acaba wanda ya karɓi mashin da ƙyar, iyali na jiran abinda zai kawo da dare, a wayi gari an ɗauke mashin ɗin ranar da ya fara fita. Gare shi ba ƙarfe ya ɓata ba, abincin gida ne da kuɗin haya da bakin da zai yi magana a gaban matarsa. Italiya a 1948 tana da marasa aiki wajen mutum miliyan 2, in ka rasa gurbi akwai ɗari a layi suna jira. Shi De Sica abinda ya nace a kai shine abinda jarida bazata ba layi biyu ba, a wajen mai shi ya isa ya rusa rayuwa.

Waye De Sica ɗin?

An haife shi a garin Sora a 1901, ya rasu a Faransa a 1974. Abin mamaki shi asalinsa jarumi ne ɗan kwalisa, a shekarun 1930 shine wanda 'yan mata ke rububi, finafinan soyayya da barkwanci yake fitowa har da waƙa. Daga baya ya koma bayan kyamara ya haɗu da Zavattini. Kafin wannan sun yi Sciuscià a 1946 kan yara masu goge takalmi, bayansa sun yi Miracolo a Milano a 1951 da Umberto D. a 1952. Shine kuma ya yi fim ɗin da Sophia Loren ta ci Oscar da shi, La ciociara na 1960.

Ana yawan cewa neorealismo in ana maganarsa, me ake nufi?

Salo ne da ya taso a Italiya a ƙarshen yaƙi. A zamanin Mussolini an gina katafaren situdiyo na Cinecittà a 1937, kuma yawancin abinda ake yi finafinan masu kuɗi ne, falo mai ƙyalli, mata da kwalliya, har ana musu laƙabi da finafinan farar tarho. Da yaƙi ya ƙare situdiyon ya zama sansanin 'yan gudun hijira, kayan aiki sun yi ƙaranci, kuma mutane sun gaji da ƙarya. Sai daraktoci suka fito titi, suna ɗaukar kangon gidaje da layin abinci da talakawa yadda suke. Roberto Rossellini ya yi Roma città aperta a 1945 da Paisà a 1946, Luchino Visconti ya tafi Sicily ya yi La terra trema da masunta na gaske a 1948. Zavattini shi ra'ayinsa ma yafi na kowa zafi, yana ganin in da hali a bi mutum ɗaya da kyamara yana harkarsa ta yau da kullum, ya isa fim. Salon bai daɗe ba, wajen farkon shekarun 1950 ya fara dusashewa, amma irin da ya zubar har yau yana tsirowa.

Da gaske ne ba 'yan fim bane suka fito a ciki?

Gaskiya ne game da manyan jaruman uku. Lamberto Maggiorani da ya fito a Antonio ma'aikacin masana'antar Breda ne a Rum. Lianella Carell da ta fito a Maria 'yar jarida ce. Enzo Staiola, wato Bruno, yaro ne ɗan shekara takwas zuwa tara da De Sica ya hango a titi cikin 'yan kallo. Kuma ba wai bai samu tayin manyan jarumai bane, furodusan Amurka David O. Selznick ya so ya zuba kuɗi da sharaɗin Cary Grant ne zai ja fim ɗin, De Sica yaƙi. Duk wanda ya san fuskar Cary Grant ya san da an yi haka an kashe fim ɗin, domin daga ka ganshi ka san ƙarshe zai yi nasara. Maggiorani kuwa kumatunsa sun faɗa, hannunsa hannun lebura ne, tafiyarsa ma ta wanda ya saba tsayuwa a layi ce, baka da tabbacin komai a kansa.

Abinda ke sa ni baƙin ciki shine abinda ya biyo baya. Bayan fim ɗin ya koma masana'anta, ba a daɗe ba aka yi ragin ma'aikata ya shiga ciki, ana ganin ai shi ya zama tauraro yana da kuɗi alhali ba haka bane. Ya ɗan riƙa samun ƙananan fitowa nan da can, har a Mamma Roma na Pasolini a 1962, amma bai taɓa samun wani abin kirki ba har ya rasu a 1983. Duniya ta yi ta tafa wa fuskarsa shi kuma yana neman aikin yi.

Kenan kyamara kawai suka ɗauka suka shiga gari, ba tsari ba kuɗi?

A'a wallahi, kuma wannan ce fahimtar da tafi cutar da masu son kwaikwayonsa. Fim ɗin yana kama da wanda aka tsinta a hanya amma an zauna an tsara shi ƙwarai. An daɗe ana rubutu, an zaga gari an zaɓi lungu lungu, cincirindon mutanen da kake gani jera su aka yi, ruwan saman da ya tsuge a kasuwar Porta Portese ma 'yan kwana-kwana ne suka taimaka da shi. Carlo Montuori da ya riƙe kyamara tsohon hannu ne tun zamanin fim mara magana. Maganganun ma ba a titi aka naɗa ba, daga baya aka ɗora su a situdiyo yadda Italiyawa suka saba, ga kiɗan Alessandro Cicognini da yake bin ka a hankali. Shi kansa De Sica da yake tsohon jarumi ne, shi yake gwada wa mutanen nan kowane motsi, ga yadda zaka juya, ga inda zaka kalla, su kwaikwaya. Sauƙin da kake gani gumi aka zuba kafin a same shi.

Af, a wajen ruwan saman nan akwai wasu ɗaliban limancin coci da suka fake kusa da Antonio suna ta surutu da Jamusanci. Ɗaya daga cikinsu Sergio Leone ne yana saurayi, wanda daga baya ya yi finafinan kaboyi da Clint Eastwood.

Waye bos a fim ɗin?

Babu. Kuma a ganina nan ne girmansa yake. Kana ta jin haushin ɓarawon, kana so a kama shi a jibge shi, sai gashi Antonio ya gano shi ya bi shi har unguwarsu. Mutanen layin suka fito suka kewaye Antonio suna kare ɗansu, saurayin ya faɗi yana shure-shure irin na farfaɗiya, uwarsa tana ihu daga taga. Bruno ya ruga ya kira ɗan sanda, aka hau ɗakinsu aka bincika, sai kaga ɗaki ɗaya ne duk iyalin suke ciki, tukunya a kan wuta, talaucinsu ma kamar yafi na Antonio. Ba keke ba shaida. Ɗan sandan ma ba mugu bane, gaskiya ya gaya masa, ba wanda zai tsaya maka shaida a nan.

Haka duk inda suka je. Cocin da suka bi wani tsoho da suka hango yana magana da ɓarawon, masu kuɗi ne suke sadaka, ana yi wa talakawa aski a basu miya amma sai sun zauna an gama ibada, kuma abinda ya dami masu hidimar shine Antonio yana damun mutane da surutu. A wajen taron ma'aikata ana ta jawabi kan rashin aiki, da ya shigo da tasa matsalar aka ce ya yi shiru. Abokinsa Baiocco mai kwasar shara shi ya taimaka da gaske, ya kwaso abokan aikinsa suka je kasuwar Piazza Vittorio da sassafe, amma me zasu yi, an riga an wargaza kekuna, nan tayoyi, nan ƙararrawa, nan famfo, dubbai. Har wajen 'yar duba ya je, matar da ya yi wa Maria dariya a kanta tun farko, ta karɓi kuɗinsa ta ce ko ka ganshi yanzu ko kuma bazaka ƙara ganinsa ba. Kowa yana harkar gabansa ne kawai, ba wanda ya tsane shi, kuma wannan yafi ƙiyayya ciwo.

Me yasa kowa yake maganar yaron?

Don shine fim ɗin. Ka cire Bruno abinda zai rage labarin wani mutum ne da ya yi asara. Da Bruno kuwa ya zama labarin uba da ake kallo. Yaron nan yafi uban sanin keken, shi yake goge shi, shi ya lura an lotsa shi a gidan jingina har yana faɗa. Yana saka abincinsa a aljihun gaba yadda uban yake yi, yana tafiya yana ɗaga kai yana duban fuskarsa. Kuma uban saboda ruɗewa baya ma lura da shi, yaron ya faɗi a cikin ruwan sama bai gani ba, mota ta kusa kaɗe shi bai waiwayo ba, a kasuwa wani mutumin banza yana lallaɓa shi da ƙararrawar keke uban yana can yana duba lamba.

Da suka fito daga coci tsohon ya ɓace musu, Bruno ya yi magana, uban ya kwaɗa masa mari. Kallon da yaron ya yi masa, da yadda ya koma can nesa yana tafiya yana cewa zai gaya wa mama, duk wanda ya taɓa huce haushin waje a kan ɗansa zai ji a jikinsa. Jim kaɗan sai aka fara ihu a bakin kogin Tiber wai yaro ya faɗa ruwa, Antonio ya ruga yana kiran sunansa, a wannan mintin ya manta da wani keke. Da ya hango shi zaune a saman matakala lafiya lau sai ya ce zo muje mu ci abinci, da ɗan kuɗin da ya rage. A gidan abincin ne Bruno yake jan cukwi da burodi yana satar kallon wani ɗan masu kuɗi a teburin baya da ake ta jere musu faranti, uban kuma ya ɗauko fensir suna lissafin albashin da zai riƙa samu da ace ba a sace keken ba. Ni dai ban san wani waje a fim da ya haɗa daɗi da ɗaci kamar wannan ba.

Ya ƙarshen yake? A faɗa min kawai.

Wanda bai kalla ba ya tsallake nan, zan fasa ƙwai.

Basu samu keken ba. Suna zaune a bakin titi kusa da filin ƙwallo ana wasa, kekuna jibge a waje ba adadi, ga kuma wani guda ɗaya an jingine a bakin wata ƙofa ba kowa. Antonio ya tashi ya zauna, ya je ya dawo, kana ganin abin yana cinsa. Sai ya ba Bruno kuɗi ya ce ya je ya hau jirgin cikin gari ya jira shi, don baya so ya gani. Yaron ya makara jirgin ya tafi. Uban ya haye keken mutane, aka bi shi da ihu ɓarawo ɓarawo, shi da nasa aka sace ba wanda ya taya shi, yanzu gari guda ya taso. Aka kamo shi ana mari, hularsa ta faɗi, Bruno ya kutsa cikin mutane yana kuka yana riƙe rigar uban. Mai keken ya dubi yaron sai ya ce a ƙyale shi, baya son ƙara. Bruno ya tsinci hular yana kaɗe mata ƙura. Suna tafiya uban ya fara hawaye, yaron ya kama hannunsa, suka shige cikin jama'a. Shikenan.

Wasu suna jin haushi wai ba a gama ba. Ni ina ganin da an dawo masa da keken da tuni an manta da fim ɗin, domin da sai ka tashi hankalinka kwance kace ai komai ya yi daidai, alhali gobe Litinin mutumin nan bashi da aiki, zannuwan gado suna jingina, kuma ɗansa ya ga abinda ya gani.

Ya aka karɓe shi lokacin da ya fito?

A waje ya yi tashe sosai. An bashi Oscar na girmamawa a 1950 a matsayin fim ɗin harshen waje, ya ci kyautar BAFTA a Ingila a shekarar, kuma da mujallar Sight and Sound ta fara tambayar masana a 1952 wane fim ne yafi kowanne a tarihi, shi ya zo na ɗaya, shekara huɗu kacal da fitowarsa. André Bazin, mai sharhin finafinai na Faransa, ya yi dogon rubutu yana yabonsa.

A gida kuwa ra'ayi ya rabu. Talakawa da yawa sun fi son finafinan Amurka, suna ganin wahalar da muke ciki kuma mu biya kuɗi mu kalla? Masu mulki suna ganin ana tona wa ƙasa asiri a idon duniya, wasu 'yan gurguzu kuma suna ganin bai nuna mafita ba. Giulio Andreotti, wanda harkar fim ke ƙarƙashinsa a gwamnati a lokacin, ya fito a rubuce a 1952 ya soki De Sica kan Umberto D. cewa yana ɓata sunan Italiya. A Amurka ma 'yan tace finafinai na Hollywood ƙarƙashin Joseph Breen sun ce sai an yanke waje biyu, inda Bruno ya tsaya zai yi fitsari a jikin bango da inda Antonio ya bi ɓarawon cikin gidan mata masu zaman kansu. De Sica yaƙi yankewa, aka nuna shi haka ba hatiminsu kuma mutane suka shiga.

Wane tasiri ya yi, su wa suka kwaikwaye shi?

Mu fara da Indiya tunda mu mutanen fim ɗin Indiya ne. Satyajit Ray yana aikin zanen talla aka tura shi Landan a 1950, a can ya kalli wannan fim, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa daga nan ya yanke shawarar zai yi nasa da mutanen da ba 'yan wasa ba, a ƙauye na gaske. Abinda ya haifi Pather Panchali kenan a 1955. A 1952 aka yi bikin finafinan duniya na farko a Indiya aka nuna shi, Bimal Roy ya gani, a 1953 ya fitar da Do Bigha Zamin, manomi da ɗansa sun tafi Kalkata, uban yana jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa. Balraj Sahni ne ya fito a uban. In ka kalli biyun a jere zaka ga jini ɗaya ne, sai dai Bimal Roy ya sa waƙoƙi yadda 'yan kallonsa suke so.

A Afirka ana yawan haɗa shi da Borom Sarret na Ousmane Sembène, 1963, ɗan gajeren fim na wajen minti ashirin. Mai amalanken doki ne a Dakar, ya wuni yana ɗaukar mutanen da basu biya, ƙarshe ya shiga unguwar masu kuɗi da aka hana irinsa shiga aka ƙwace amalanken, ya dawo gida hannu rabbana. Sembène a Mosko ya koyi fim kuma siyasarsa tafi ta De Sica kaifi, shi yana nuna maka wanda ya yi laifin, amma ginin iri ɗaya ne, talaka ɗaya, abin sana'a ɗaya, wuni ɗaya.

Daga Latin Amurka har tattaki aka riƙa yi zuwa makarantar fim ta Centro Sperimentale a Rum a shekarun 1950, su Tomás Gutiérrez Alea na Kyuba da Fernando Birri na Ajantina, suka koma gida suka kafa nasu. Iraniyawa kuwa su suka fi kowa gadon yaron. Abbas Kiarostami a 1987 ya yi fim kan yaro da yake neman gidan abokinsa don ya mayar masa da littafi, Majid Majidi a 1997 ya yi na wa da ƙanwa da takalmi ɗaya. A China Wang Xiaoshuai ya yi na ɗan ƙauye mai kai saƙo a Beijing da aka sace wa keke, 2001, har ya ci kyauta a Berlin. A Amurka akwai A Better Life na 2011, mai gyaran lambu ɗan Meziko a Los Angeles da aka sace wa mota, shi da ɗansa suna nema. Ken Loach na Ingila ya sha cewa wannan fim ne ya nuna masa ana iya yin fim kan talakawa, Martin Scorsese ma ya yi dogon bayani a kansa a shirinsa na tarihin finafinan Italiya na 1999.

Akwai abinda za a iya kushewa?

Akwai. Maria ta ɓace daga rabin fim alhali ita ce mai dabarar gidan, naso a ƙara ganinta. Kiɗan wani lokaci yana matsa maka sai ka ji tausayi ko da hoton ya riga ya gama aikin. Sannan haɗuwa da ɓarawon har sau biyu a gari kamar Rum, musamman ta biyun da suna fitowa daga wajen 'yar duba sai gashi, sa'a ce irin ta fim. Basu rage shi a idona ba amma suna nan.

Masu shirya finafinan Hausa akwai abinda zasu ɗauka?

Sosai, amma ba wai a je a sake yin labarin keke ba. Abin ɗauka shine yarda da cewa ƙaramar matsala ta ishi fim in ka bita har ƙarshe, da barin hoto ya yi magana a maimakon mutum biyu su zauna a falo suna gaya wa juna abinda muka riga muka gani. Kasuwa da tasha da layin asibiti duk suna nan cike da labari, sai dai ɗauka a irin wajen nan yafi na falo wuya nesa ba kusa ba, sai an yi tsari da haƙuri. Da kuma yara, a daina basu dogayen jawabai irin na manya, Bruno maganarsa kaɗan ce, ido ne yake aikin.

Za a iya kallonsa da iyali?

Za a iya. Ba tsiraici ba zubar da jini. Wajen gidan matan nan gajere ne kuma suna zaune ne suna cin abinci da kayansu. Akwai shan giya a gidan abinci har uban ya ɗan ba yaron, akwai coci da 'yar duba, in da ƙananan yara sai a yi musu bayani.

Bana jin Italiyanci, kuma fim mara kala yana sa ni barci.

Da fassarar rubutu a ƙasa ake kallonsa, ta Turanci ko Faransanci ko Larabci duk ana samu, kuma maganar ba yawa, ko ka rasa rabi zaka bi labarin. Ka nema da sunan Italiyancin ko da Bicycle Thieves. Ka yi ƙoƙari ka samu kwafi mai kyau, cibiyar Cineteca di Bologna ta gyara shi tas an nuna a bikin finafinai na Cannes a 2018, domin tsofaffin kwafin da suke yawo wasu duhu ne fuska ma bata fita, kuma fim ɗin nan fuska ce jarinsa. Ka ajiye waya na minti ashirin ɗin farko, in an kai wajen gidan jingina baka shiga ba toh ka bari sai wani lokacin.

In na gama me zan kalla a gaba?

Umberto D., tsohon ma'aikacin gwamnati da kuɗin fansho baya isarsa haya, daga shi sai ɗan karensa, shima wanda ya fito a tsohon ba ɗan wasa bane, malamin jami'a ne Carlo Battisti. De Sica ya sadaukar da shi ga mahaifinsa. Daga nan sai Sciuscià, sannan Roma città aperta don ka ga ɓangaren Rossellini, sai ka tsallaka Do Bigha Zamin da Borom Sarret.